Batirin Marigayi Kawu Idi

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Daga Jibiya, bakin iyakar Faransa, wato Nijar, nake rubutowa, ni da na ƙure ilimin kimiyya, ba na sauraron camfi.

Kawuna Idi, direban motar gyaɗa, yakan yi wa batirinsa caji sannu-sannu kowace Juma'a. Direban da ya gaji motar kuwa cajin gaggawa yake yi, shi ya sa batiransa ba sa riƙe wuta, kafin ya kai Maraɗi sun mutu.

Kawu ya rasu bara. Batirinsa na zaure, ba waya a jikinsa, amma cike yake da wuta, kuma duk Juma'a ruwansa yana tafasa. Inna ta ce, "Kai ɗan boko, wa ke yi masa cajin?"

Masana, ku tabbatar mini cewa cajin sannu ne hujja, kafin Juma'a. A zauren nake kwana.