Littafi Uku a Jakar Asibiti

A rumfar littattafai kusa da ƙofar asibiti, wani dattijo ya tsaya gaban mai rumfar.

"Gobe za a yi min aiki a ciki. Ina neman abin karantawa in na farfaɗo."

"Ga na ban dariya, Baba."

"So kake ɗinkin ya warware?"

"To, ga na binciken kisan kai."

"Haba ɗana, a makon nan kake kawo min zancen gawa?"

"Sai na duniyar aljanu, amma kashi uku ne. Fara da na farko."

Dattijon ya shafa bangon littafin.

"Ba ni duka ukun. 'Yata ce ke haɗa min jaka. In ta ga ɗaya tak, za ta gane tsoro nake ji."