Kwaɗon Ƙarfe, Igiyar Roba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe shugaban wannan ƙungiya tamu ta masu kai saƙo da babur. Ranki ya daɗe Hajiya mai kantin magani, wadda ta bar kujerar ofishinta ta zo ta zauna da mu a kan benci. Dattawan ƙungiya, 'yan'uwana mahaya babur, na gaba da ke saurare da na baya da ke latsa waya: ina yi muku barka da zuwa.

Ina gode wa shugaba da ya ba ni dama in yi magana a kan jakar gefen babur, fannin da kowa a ɗakin nan ya fi ni sani, wanda saboda zurfin saninmu a kansa muka ɓatar da jaka bakwai cikin wata biyu. Ina kuma gode wa Hajiya, wadda ta rubuto mana takarda cikin ladabi cewa idan jaka ta takwas ta ɓata da maganinta a ciki, aikin ya tashi daga hannunmu. Wannan aiki shi ke ɗora tukunya a gidaje talatin da ɗaya, kuma shi ya tara mu yau.

Abu na farko, ina taya mu murna a kan kwaɗo. Ma sha Allah, mun iya sayen kwaɗo! Manya-manya, masu ƙyalli, irin waɗanda ake rufe ƙofar sito da su. Mu maƙala shi a bakin jaka, mu ja mu ji ya kama, sannan ita jakar gaba ɗayanta mu ɗaure ta a jikin babur da igiyar roba, robar da rana ta gasa, ruwa ya jiƙa, reza guda ta ishe ta.

Ga Dogo can zaune, ya yarda in faɗa. Ya tsaya a ƙofar wani bene, ya hau hawa na uku ya miƙa saƙo, ya sauko ya tarar da babur tsirara. Ya zo mini da sauri yana haki, ya ce, "Baba, wallahi na kulle ta. Ga ma makullin a hannuna." Na ce, "Madalla, Dogo. Adana shi da kyau, wataƙila ɓarawon ya dawo aro."

Ku yi dariyarku, ni ma na yi. Amma a cikin jakar nan akwai allurar wani dattijo mai ciwon suga, wanda ya zauna jiran ta tun safe har la'asar, har 'yarsa ta ɗauke shi zuwa asibiti. Ni aka tura in ba ta haƙuri. Ba ta zage ni ba, ba ta ɗaga murya ba, tambaya ɗaya ta yi mini: "Baba, da me kuka ɗaure jakar?" Na yi shekara ashirin a kan babur, ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Abu na biyu, ina jinjina wa hikimarmu wajen tsaro. A cikinmu akwai wanda, don kada makulli ya ɓace masa, ya ɗaure shi da zare a jikin kwaɗon; Allah ya saka masa da alheri, ya rage wa ɓarawo wahala. A cikinmu akwai wanda ke cewa, "Ai minti biyu kawai zan yi," kamar ɓarawo na buƙatar uku. A cikinmu akwai wanda ke ce wa duk wanda ya gani tsaye, "Malam, don Allah duba mini babur," bai san shi ba, bai taɓa ganinsa ba, kuma mutumin ya duba ɗin, ya duba sosai. Shi kuwa Mai-Sauri ko ɓarawo bai buƙata ba. Jakarsa ta kwanta a kan salansa, robar ta narke, jakar ta faɗi a titi, shi ya yi gaba abinsa. Da aka tambaye shi ya ce, "Na dai ji babur ya yi sauƙi, na ɗauka gyaran da aka yi masa ne ya kama."

Abu na uku shi ne magani, kuma ina neman afuwa saboda sauƙinsa. A sa farantin ƙarfe a cikin jaka, a huda, a ɗaure ta da noti huɗu a jikin ƙarfen bayan babur, kan notin yana ciki inda sifana ba ta kaiwa sai an buɗe. A sa sandar ƙarfe ta tokare jakar kada ta taɓa taya ko salansa. Daga nan kwaɗo ya sami abin da zai tsare. Aikin rabin awa ne. Mai walda na bakin layinmu ya yi wata biyu yana cewa mu kawo, mutum biyar suka je. Sauran sun ce huda jaka zai ɓata mata kyau. Gaskiyarsu, bai kamata a miƙa wa ɓarawo kaya mai tabo ba.

To, kada a ce tsoho ya cika surutu. Tun kafin in miƙe tsaye, na roƙi mai walda ya zagaya inda muka jera babura, da reza guda, ya kwance duk abin da ya kwantu. Malam, shigo da su, zuba su nan gaban Hajiya.

A'a, ku zauna, ba inda za ku. Nawa ne? Ashirin da shida. Ku duba, kowace da kwaɗonta a kulle, babu wadda aka buɗe. Ranka ya daɗe shugaba, waccan ja mai tambarin ƙungiya kamar na san mai ita, amma girmanka ya hana ni faɗa.

Wannan baƙar da ka ɗauko daga cikinsu fa, Malam? Haba, har da ita? To, ɗaga ta kowa ya gani. Tawa ce. Ni da na je na ba 'yar dattijo haƙuri, ni da na tsaya ina yi muku ba'a, kullum cewa nake gobe zan kai.

Hajiya, kin gani da idonki, kuma gara ki gani a nan da ki ji daga bakin wani majiyyaci. Ba ni da bakin da zan ce ki yarda da mu. Abin da nake roƙo ki ba mu zuwa gobe da safe, ki fito da kanki ki ja kowace jaka da hannu biyu. Wadda ta biyo ki, mai ita ya koma gida. Babu jakar da za ta fita daga ɗakin nan ta koma kan roba, kuma babur ɗina ne farko a layin mai walda.

Allah ya ba dattijon nan lafiya, ya sanyaya zuciyar 'yarsa. Allah ya tsare mu a kan titi, ya tsare amanar da muke ɗauka, ya bar mana abincinmu. Allah ya shiryi ɓarayi, ya shirye mu kafin su. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.