Latas ɗin Inna Mai Lambu

Assalamu alaikum. Malam Liman, shugaban unguwa, likitan da ya yi ta fama da ita, 'ya'yan marigayiya da jikokinta, maƙwabta: sannunmu da wannan rashi.

Ni ce mai ɗinkin da katangarmu ɗaya da Inna. An ce in yi magana a madadin layinmu, kuma wallahi bakina ya yi nauyi.

Ta kasance mace mai tsanar ɓarna. Shekarar da famfo ya ƙafe ta ga ina kwarar da ruwan wanki a kwata, ta leƙo ta katanga ta ce, "Ke mai ɗinki, ba ki da tausayi ne? Latas ɗina na jin ƙishi!" Na miƙa mata bokitin muna dariya. Daga nan kowane gida ya ɗauka. Ruwan wanka, na wanke-wanke, na tsumman kashin jarirai, mai bilic da garin sabulu, duk lambun bayan ɗakinta yake tafiya. Har mai gyaran famfo ya ja mata bututu daga gidajenmu kyauta. Mu a ganinmu alheri muke yi.

Ta kasance ba ta sayar da ganye ko ɗaya. Gidan da aka yi haihuwa ta kai, gidan da miji ya rasa aiki ta kai. Ita kuwa a tsaye take tsinka ta ci ɗanye, tana cewa, "Ai nawa ne, na san shi."

Zazzaɓi ya kwantar da ita, taifot ya huda mata hanji. Da aka auna ruwan lambun da ganyen, likita ya ce cike suke da ƙwayoyin cutar da ke fita daga bayan gida. Daga gidajenmu suka je.

Babban ɗanta, ɗan'uwana, da kai nake. Na ga kwandunan latas ɗin da kuka jera a ƙofa, girbinta na ƙarshe, za ku raba mana sadaka. Na san abin da ya rage muku na hannunta ke nan. Don Allah kada ganye ɗaya ya fita. Ƙaramar jikarta tana gadon asibiti yanzu haka da irin wannan ciwon, ana ƙara mata ruwa. Ku bari mu haƙa rami mu binne latas ɗin, a cire bututun nan yau.

Mun gode da zuwanku. Allah Ya jiƙan Inna, Ya shayar da ita ruwa mai tsarki, Ya tashi kafaɗun yarinyar nan. Amin.