Na Ce Na Warke, Alhali Ƙarya Ce

'Yan'uwana, salamar Ubangijinmu Yesu ta kasance tare da ku duka. Sunana Saratu, matar Dattijo Bitrus na Turaki. Yawancinku kun san ni a zumuntar mata, ni ce mai yi wa mutane faɗa idan sun makara.

Bara ina wanka na ji wani ƙullutu a mamana na hagu. Aka gwada, aka ce kansa ce, wato ciwon daji. Aka yi mini aiki, likita ta ce saura ƙarin ruwan magani, wanda suke kira kemo, sau shida, duk bayan mako uku.

Na yi uku. Gashina ya zube, ban damu ba, da ma ɗankwali nake ɗaurawa. Abin da ya kayar da ni daban ne. Wani nauyi ya zauna mini a ƙirji. Abinci ya zama kamar dusa a bakina. In buɗe Littafi Mai Tsarki, in zauna ina kallon bango har rana ta juya. Ni da bakina ba ya hutawa, sai na wuni ban ce uffan ba.

Amma ranar Alhamis in matan zumunta za su zo gaishe ni, sai in yi wanka, in shafa hoda, in ja musu waƙa. "Mama, yaya jiki?" "Da sauƙi." Haka muke amsawa, ko mutum yana bakin kabari.

Da lokacin zuwa na huɗu ya yi, na ce wa maigidana ba zan je ba, na karɓi warkarwa ta wurin bangaskiya. Ƙarya nake yi! Ban ji wata warkarwa ba. Na gaji ne, ina so a ƙyale ni in mutu ba hayaniya. Na kuma san dattijon ikilisiya ba zai iya yin gardama da bangaskiya ba. Bawan Allah ya gaskata ni. Ya tsaya a nan wurin ya ba da shaida a madadina, kuka yi tafi, kuka yi guɗa. Ni kuwa ina gida a kwance.

Mako biyar suka wuce ban koma asibiti ba.

Wata Alhamis da mata suka watse, Mama Ladi ta Yelwa, tsohuwar nan mai sayar da daddawa, ta ƙi tashi. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce da irin Hausarta, "Saratu, kai ba ka warke ba. Wanda ya warke yana cin tuwo. Durƙusa mu yi addu'a, amma kada ka yi wa Allah kwalliya, ya san fuskanka."

Na durƙusa. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ya Yesu, ba na son rayuwa, kuma na yi ƙarya da sunanka." Sai kuka ya ƙwace mini. Mama Ladi ba ta hana ni ba, ta riƙe hannuna har na gama. Da yamma na gaya wa maigidana gaskiya. Bai yi faɗa ba. Sai ya ce, "Gobe da sassafe za mu tafi."

Na faɗa wa likita komai. Ta ce wannan nauyin zuciya ciwo ne shi ma, yana kama masu jinyar kansa da yawa, kuma yana da magani. Ta rubuta mini wata 'yar ƙwaya, ɗaya kullum. Na ce, "Likita, maganin masu taɓin hankali za ki ba ni?" Ta ce, "Mama, maganin da zai sa ki ci abinci ki dawo ki ƙarasa kemo ne." Ta ƙara da cewa masu bincike suna duba ko irin waɗannan magunguna suna taimakawa wajen yaƙar kansar kanta, amma ba a tabbatar ba tukuna, ita ba don haka ta ba ni ba.

Saboda haka kada wani ya tare ni bayan sujada yana tambayar sunan ƙwayar don ya saya a kemis. Ba zan faɗa ba. Ku je wurin likita.

Ƙwayar ba ta yi aiki nan take ba. Sai a mako na uku na tashi ina jin yunwa, na ce a dama mini kunun gyaɗa, na kuma yi faɗa cewa tsamiya ta yi kaɗan. Maigidana ya ɗaga hannu ya ce, "Haleluya, ta dawo!"

Na ƙarasa ukun da suka rage. Har yanzu ina shan ƙwayata, ina zuwa gwaji, kuma na baya-bayan nan ya fito lafiya. Godiya ta tabbata ga Allah!

Ikilisiya, ku yafe mini tafin da na sa kuka yi a kan ƙarya. Maigidana, Baban Rifkatu, na kunyata ka a gaban jama'a, ka yafe mini. Duk mai ɗauke da irin nauyin nan, ya dogara ga Yesu, ya faɗa masa gaskiya, ya kuma faɗa wa likita. Ni ranar da na daina yi wa Yesu ƙarya ya fara ɗaga ni. Amin.