Wurin Zaman Masu Gaisuwar Sallah

Nanret, wata nas 'yar Filato, tana jiran layi a shagon kitso a unguwar Bin Mahmud, can ƙasar waje. Wata ɗaliba ta ji ta tana waya da Hausa, sai ta miƙo mata takardar gayyata.

"Anti, taron tunawa da ƙarshen bauta za mu yi a jami'a. Ni zan yi jawabi kan yadda ake raina baƙar fata."

Nanret ta taɓe baki. "Da shayi da kek, ko?"

"Ba wasa ba ne. Mu gidanmu ba a wariya. Kakan babana da kansa ya 'yanta bayinsa. Har yau jikokinsu na zuwa mana gaisuwar Sallah, kamar 'yan uwa."

"Madalla. In sun zo, ina suke zama?"

"A falo mana."

"Kan kujera?"

Ɗalibar ta gyara mayafi. "A ƙasa. Amma ai su suka fi son haka."

"Kin taɓa tambayarsu?"



Nanret ta mayar mata da takardar. "Ƙanwata, fara jawabin daga falonku. Ranar da suka hau kujera, ki gayyace ni."