Wa Ke Huda Tayar Haruna?

Assalamu alaikum mai gabatarwa, Allah ya ƙara lafiya. Ni ne Isiyaku, manomi daga wani ƙauye kusa da Suki, a Sudan.

Maƙwabcina Haruna, tayar kekensa kullum sai ta sace. Da yake mun taɓa faɗa kan ruwan tur'a, wato magudanar da ke shayar da gonakinmu, sai ya tsaya a ƙofar masallaci ya ce ni ke soka mata ƙusa. Ya toshe mini ruwa har kuɓewar hawashata, wato gonata ta ban-ruwa, ta bushe ƙurmus.

Ranar kasuwa na ja shi wurin mai faci. Mutumin ya zare tib ya ce, "Ya akhi, duk inda ya huje ta wajen ƙarfe ne, ba ta wajen ƙasa ba." Ashe buhunan albasar da Haruna ke labta wa keken ne suka lanƙwasa wilin, kan waya ya ɓullo yana cin tib. Aka goge tsinin, aka naɗe da tsohuwar roba, shi ke nan.

Yanzu ciwo ya kwantar da shi, yana ta aike in yafe masa. Na ce ya roƙi kuɓewar.

Ina gaida Haruna. Na san rediyo na gefen shimfiɗarsa. Don Allah a ƙara masa murya.