Allurar Ran Talata

Salama a gare ku, 'yan'uwa, a cikin sunan Yesu Almasihu. Halleluya!

Ni ce Rifkatu, Maman Iliya, mai toya waina a bakin tashar Mai'adua. Kun san ni, kun san jikina. Ba na jin kunyar faɗa: da in na toya goma, biyu nawa ne, a kora da kunun zaƙi. Mutane suna cewa maigida ya iya kiwo, ni kuma ina ta washe baki. Ashe ciwon suga ne yake cina.

Sai wani ɗan ƙurji ya fito mini a ƙafar dama, ya ƙi warkewa, har ya fara wari. Likita a Daura ya ce in sugan bai sauka ba, ƙafar nan sai an yanke. Na ji tsoron da ban taɓa ji ba.

Ya haɗa ni da wata allura mai kama da biro, sau ɗaya a mako, ran Talata. Ya ce a ajiye ta a sanyi, sai na kai firij ɗin maƙwabciyata, Hajiya Binta.

To mu nan mun san allura. Zazzaɓi ya kayar da kai da safe, a tsira maka ita a kemis, da yamma kana gona. Na yi ran Talata, Laraba na tashi na duba ƙafa, tana nan yadda take. Alhamis na karɓo biron na ƙara. Juma'a na sake ƙarawa.

'Yan'uwa, amai! Kwana biyu ko ruwa ba ya zama. Likita ya yi mini faɗa kamar ya ari baki, ya ce da gangan ake farawa da kaɗan, jiki ya saba, kuma aikinta makonni ne, ba kwanaki ba.

Duk da haka da na ji sauƙi sai na koma wajen Hajiya ran Asabar ta gaba, in ƙara allurar. Ta tsaya a gaban firij ta riƙe ƙugu.

"Maman Iliya, yau wace rana?"

"Haba Hajiya, maganina ne fa."

"Naki ne. Ki zo ran Talata."

Na dawo gida ina huci. Na durƙusa, da ƙyar saboda ƙafar, na ce, "Ya Ubangiji, na gaji da gaggawata. In za ka bar mini ƙafata, ba ni haƙurin jira." Na yi kuka sosai, na tashi zuciyata a kwance.

Mako na biyu na lura waina ɗaya ta ishe ni. Ni! Wajen wata guda awon suga ya fara sauka. Wata na uku sai da na ƙara ɗaure zane, gyambon kuma, da wanki da magani, ya fara haɗewa daga gefe.

Shekaranjiya likita ya kwance bandeji, ya daɗe yana dubawa, ya ce, "Mama, ba za mu taɓa ƙafar nan ba."

Yabo ga Ubangiji! Duk mai jiran amsa a cikinku, ya sha maganinsa yadda aka ce, ya dogara ga Yesu, kada ya karaya. Yau ɗan acaɓa ya tsaya mini, na ce ya wuce. Da ƙafata na zo coci. Amin!